Askar Bahago

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, ni na cika falon gidansa na Barking da surutu. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai na shaida masa cewa kaf London, daga inda jirgin ƙasa na layin District yake tasowa har inda yake gajiya ya tsaya, babu wanda ya gaji hannun tsohon nan sai ni. Na ce ina aske kan jariri yana barci bai ko motsa ba. Na ce ina aske ƙuda yana cikin tashi, in bar masa gashin baki. Mutane da hawaye a fuska suka yi dariya, ni kuwa na ji daɗi, don aikina ke nan tun ina ƙarami: ko'ina aka yi jugum, ni ake jira in buɗe baki.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa ƙasar baƙunta da muka sa shi a ciki ta yi masa laushi. Ni ma ku saka ni a addu'a, don duk abin da na faɗa a falon nan ƙarya ne. Na ƙudan kowa ya gane wasa ne. Na jaririn ne aka yarda da shi.

Takalma sun taru tun daga ƙofa har bakin titi, sai da maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko kasuwa aka buɗe. Likitocinmu na Arewa sun zo da manyan riguna a ƙarƙashin rigar sanyi. Mutanen Gana na Dagenham sun zo da kuloli na shinkafa da wake, suka mamaye kicin ba tare da an ce su yi ba. Amma waɗanda suka fi ba ni mamaki samarin nan ne da aka haifa a nan, ƙarti masu gemu, waɗanda in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa, ya shafa kansa, ya ce tsohon nan ne ya yi masa askin suna. Ba wanda ya tuna, yana ɗan kwana bakwai. Iyayensu ne suka gaya musu, suka kuma hawo jirgi suka zo. Wani babban likita da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya zauna yana kuka kamar yaro, yana cewa 'ya'yansa huɗu duk hannun Kawu ne ya fara taɓa kansu.

Mutum biyu ne ba su yi dariyar ƙudana ba. Na farko aminin Kawu, wani tsohon wanzami mutumin Kumasi da muke kira Baba. Yana can kusurwa da carbinsa, ya dube ni ta saman tabarau ya mayar da kai. Ta biyu 'yar Kawu, taubashiyata, ma'aikaciyar jinya ce. Tana zaune a kan bene da cikin wata tara, ta ce da Hausarta mai ɗaurin Turanci, "Direba, a rage gudu." Bas nake tuƙawa, shi ya sa.

Can sai aka ce Mma tana kira. Mma matar Kawu ce, 'yar zangon Kumasi. Na same ta a ɗakin ciki cikin mata, idonta ya kumbura.

"Ɗana, na ji maganarka, raina ya yi sanyi," in ji ta. "Kawunka ya bar saƙo. Ya ce idan yarinya nan ya haihu shi ba ya nan, kai za ka aske jikansa."

Matan ɗakin suka ce Allahu Akbar. A nan ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Haba Mma, wannan ai kamar shan ruwa ne."

Ban taɓa aske ko da kan tsana ba.

Bari in gaya muku wane ne Kawu, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan gidan wanzamai a Kano. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Kumasi, ya yi shekaru a zango, ya auri Mma, daga nan ƙaddara ta jefo su nan. Ya yi aiki a kamfanin motoci na Dagenham har aka rufe sashensu, ya koma sharar tashar jirgi har ƙafa ta ce ta gaji. Kaciya da ƙaho da cire beli ya ce ya bar wa likitoci, ƙasar wasu ce, dokar wasu ce. Aski kawai ya riƙe. Duk wanda matarsa ta haihu, daga Barking har bayan kogi, ranar suna zai ga wani gajeren tsoho ya sauko daga bas da sassafe, zabirarsa ta fata a ƙarƙashin kwat. Da ya shiga zai nemi a tafasa masa ruwa, ya tsoma askar, ya goge ta da maganin da 'yarsa take kawo masa daga wurin aiki, sannan ya ce a miƙo yaron. Hannunsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, babu gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifi. Na taɓa ce masa hannun nan ya fi fuskar amarya santsi. Ya ce in daina kallon fuskar amaren mutane.

Abin da ba wanda zai yi zato shi ne irin asaken da ke cikin zabirar. Ba na maƙeran Kano ba ne, ba na Kumasi ba ne. Na Amurka ne, tsofaffi, wasu sun girmi kakansa. Ta farko ya tsince ta ne a kasuwar Lahadi, irin wadda Turawa suke buɗe bayan mota su baza tarkacen gida. Tana cikin kwalin cokula masu tsatsa. Ya buɗe ta, ya ɗan buga ta da farce, ya kai kunne. Mai kayan ya ɗauka taɓin hankali ne. Kawu ya ce tun daga wannan ƙarar ya san ya haɗu da mutumin kirki.

Haka yake maganarsu, kamar maƙwabta. Ba ya damuwa da karanta sunayen da aka buga a gindin ƙarfen, hoton tambarin yake kallo ya raɗa musu suna. Akwai Mai Ƙararrawa, wanda ya ce aikinsa tsaf ne kamar na tela. Akwai Mai Kibiya Biyu, wanda ya ce gwani ne amma ba kullum ba, in ya ɗauko wata askarsa sai ya ce, "Wannan ranar ya yi faɗa da matarsa." Akwai wani da tambarinsa ya goge, yana kiran shi Maraya. Sama da su duka akwai Mai Barewa, siririya mai farar ƙota ta ƙashi. Ita yake ɗaukowa in jaririn bakwaini ne, ko in uwar ta cika tsoro. Taubashiyata ta bincika masa a waya, ta ce ƙananan masana'antu ne a wasu garuruwan bakin kogi, duk an rufe su tun kafin a haife shi. Kawu ya shafa Mai Barewa ya ce, "Wannan mutumin bai yi gaggawar cire ƙarfe daga wuta ba. Ban san addininsa ba, amma Allah Ya ga aikinsa."

A kan wannan suka yi faɗa da Baba, kuma a kaina aka yi shi, ba da wasa nake ba. Baba mutumin asaken Sheffield ne, ƙirar nan Ingila. Ya ce na Amurka ba su da nauyi, kamar ka riƙe ganye. Kawu ya ce na Sheffield na mahauta ne, a kai su kwata. Wani jajibirin Sallah na shigo gaishe su da suma a kaina, suka dubi juna, suka zaunar da ni a kan bokiti a bayan gida. Baba ya ɗauki gefen dama, Kawu ya ɗauki hagu, wai in an gama in faɗi ɓangaren da ya fi sanyi. Ana tsakiyar aiki Baba ya ce wata magana a kan Mai Barewa, wai ƙarfen gwangwani ce. Kawu ya ninke askarsa. Baba ya ninke tasa ya ɗauki hularsa ya fita. Kowa ya rantse ba zai taɓa yankin ɗan'uwansa ba, aka bar mini zanko a tsakiyar ka kamar zakara. Da hula har kunne na yi sallar Idi. Juma'a biyu ba su gaisa ba, sai da Mma ta daina zuba wa Kawu nama a miya sannan ya je ya buga ƙofar Baba.

Akwai kuma abin da ya yi mini ni kaina. Lokacin da takarduna na zama a ƙasa suka rikice, aka ba ni ranar zuwa babban ofishin shige da fice na Croydon, na yi sati ba na cin abinci, gemu ya fito mini kamar na wanda ya ɓata a daji. Ranar da zan je, da asuba, Kawu ya buga ƙofar ɗakina. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zaunar da ni, ya jiƙa tawul da ruwan zafi, ya fito da Mai Barewa, wadda ba ya taɓa gemun babba da ita. Ya gyara ni tsaf. Ya ce, "Ba zan iya yi maka Turanci a gabansu ba, amma ba za su ga mabaraci ba." Ya raka ni har can, jirgi biyu da taram, wato jirgin kan titi, ya bar zabirar a gida don kada masu bincike su ƙwace, ya tsaya a waje cikin yayyafi har na fito. 

Kawu bai haifi namiji ba, kuma taubashiyata ta ce ita allura ta ishe ta. Ni ne ɗan 'yar'uwa, ni ne kusa. Sai ya fara ce mini, "Lahadi bayan azahar ka zo, mu fara da wasa aska." Ni kuwa, in faɗi gaskiya, labarin wanzanci nake so, ba wanzancin ba. Labari yana sa a yi shiru a saurare ka. Wanzanci kuwa zama ne na awa biyu kana goga ƙarfe a kan dutse ba mai kallonka. Na ce aiki ya yi yawa. Na ce an yi cancel ɗin hutuna. Da uzurori suka ƙare sai na ƙirƙiro wanda na ɗauka ya fi kowanne wayo.

"Kawu, ka manta ni bahago ne? Asakenka duk na masu hannun dama ne. Ba za su zauna mini ba."

Wasa nake yi. Aska ba ta san dama ko hagu ba, kowa ya sani. Na jira ya jefe ni da takalmi. Sai ya ce, "Haka ne?" Ya daɗe yana kallon hannuna.

A lokacin taubashiyata ta samo masa wani maƙeri mai rai a Amurka, dattijo mai farin gemu da yake ƙera aska ɗaya-ɗaya da hannu a garejin gidansa, a wani ƙauye cikin duwatsu. Kawu ya kalli bidiyonsa har wayar ta yi zafi. Ya ce wannan jikan Mai Barewa ne ko da bai sani ba. Aka shirya su gaisa ta waya, ni ne tafinta. Kawu ya ce in tambaye shi sau nawa yake mayar da ƙarfe wuta. Na juya na gaya wa Bature cewa wannan tsohon da yake gani ya aske sarakuna arba'in, kuma ni ne magajinsa, shekara goma ina koyo. Bature ya cire hula. Bayan an kashe waya Kawu ya ce, "Sarakunan nan arba'in, a wane gari na aske su?" Na manta mutumin nan ya yi shekara talatin da wani abu yana jin Turanci, shiru kawai yake yi.

Bayan sati biyu ya sa na ɗora hannun hagu a bayan kwalin shayi, ya zagaye shi da biro, yatsa bayan yatsa. Na ce ko hatimi zai yi mini na farin jini. Ya ce in daina motsi.

Wata takwas ya wuce, sai ga ɗan akwati daga Amurka. Ya kira ni ya ce in buɗe da kaina. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Ƙarfen yana da zane kamar ruwa yana gudu, ƙotar baƙin itace ce, kuma a gindin ƙarfen an fafe wani ɗan gurbi daidai inda babban yatsana na hagu yake sauka. Da na riƙe ta sai ta zauna kamar da ita aka haife ni.

"To, ga ta bahago," in ji Kawu. "Lahadi bayan azahar."

Na ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya, na tura wa duk zaurukan waya da nake ciki, na rubuta cewa Amurka da kanta ta san da zamana. Na kai ta gareji na nuna wa direbobi. Lahadi ban je ba. Wato ina zuwa wani lokaci, in ci tuwon Mma, in ba su dariya, in na ga Kawu ya nufi inda yake ajiye dutse sai in dubi agogo. Shekara uku. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ma ya zage ni, da yanzu ina da abin riƙewa.

Da ciwo ya kwantar da shi, hannunsa ya fara rawa, ya ce mini wata Laraba, "Juma'a ka zo da askarka ka rage mini wannan." Ya shafa gemunsa. Na zo da injin aski mai batir, na ce askar tana hutawa. Ya dubi injin, ya dube ni, ya rufe ido ya miƙo haɓa. Mutumin da bai taɓa barin inji ya taɓa shi ba. Da na gama ya ce, "Madalla, Allah Ya yi albarka." Sati uku bayan nan ya rasu.

Alhamis muka binne shi, Asabar taubashiyata ta haifi namiji. Kwana bakwai ke nan a hannuna.

Na je gida na nemo askar. Ba ta cikin akwatinta. Tana cikin durowar kicin tare da almakashi da tsofaffin batura, don tun shekarar farko na gano babu abin da ya kai ta iya buɗe kwalin kayan da ake kawowa ta oda. Bakinta ya yi giɓi uku, jikinta duk danƙon salatif. Na sayo dutse, na kunna bidiyon masu koyarwa, na goga har kafaɗa ta riƙe. Giɓi uku suka zama biyar. Na ji an ce masu koyo suna shafa wa balan-balan kumfa su aske. Na sayo fakiti guda. Ranar Talata maƙwabtana suka ɗauka yaƙi ya ɓarke a flat ɗina. Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kumfa a silin, ta ce, "Kan ɗan mutane fa ba a sayar da shi fakiti-fakiti."

Sai dabara ta zo mini. Asaken Kawu ai kullum a wase suke. In na ɗauki Mai Barewa, wataƙila ita da kanta ta san hanya. Ranar Alhamis na je barka, na ce wa taubashiyata ta ba ni zabirar in duba kayan aiki. Tana shayar da yaron, ta nuna mini da haɓa. Na warware fatar. Ga Mai Ƙararrawa, ga Mai Kibiya Biyu, ga Maraya. Aljihun farko babu komai.

"Ina Mai Barewa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina London.

"Yaya, da gaske ba ka sani ba? Tana Amurka. Ni na yi posting ɗinta."

Ashe maƙerin nan ya daɗe yana neman aska mai wannan tambarin, kakansa ya yi aiki a masana'antar. Kuma jerin masu jiran aikinsa ya kai shekaru. Kawu ya ce shi ba shi da shekarun jira, ya sa ta rubuta masa cewa ga Mai Barewa, a yi musaya, a ƙera wa ɗansa ta bahago. Ta ce ranar da za a rufe kwalin sai da ya wasa ta, ya shafa mata mai, wai kada ta isa gidan mutane a dakushe.

"Kuma kowane Lahadi yana jiƙa dutse," in ji ta. "Da la'asar ya cire ya shanya. Na ce masa, mutumin nan ba zai zo ba. Ya ce bas ne, wani lokaci yana makara."

Shekara uku ina shiga gidan nan ban lura aljihun farko ya zama wayam ba, ni da nake cewa na fi kowa sanin Kawu. Na so in gaya mata gaskiya a lokacin. Mma ta shigo da kunu, ta ce, "Wanzami ya zo duba kan aiki?" Na yi dariya na ce ƙwarai.

Asabar da safe aka raɗa wa yaro sunan Kawu. Falon ya sake cika, yawanci fuskokin da suka ji labarin ƙuda. Aka shimfiɗa farin tawul, aka kawo ruwan ɗumi a kwano. Mma da kanta ta ɗauko yaron ta zauna a gabana, ta tallafe kansa a tafin hannunta. Samarin nan masu gemu suka ɗaga wayoyi. Na fito da askar bahago, don kunya ba ta bar ni in taɓa na Kawu ba, na buɗe ta, aka yi ta ma sha Allah saboda zanen ƙarfen. Daga nesa ba a ganin giɓi.

Na jiƙa gashin. Laushinsa kamar auduga. Sai na ga maɗigarsa, wannan ɗan wurin a tsakiyar ka da ƙashi bai rufe ba, tana bugawa a hankali, sama, ƙasa. Kawu ya yi shekara hamsin yana bin gefen wannan wurin da ƙarfe, ni ban ma san ana ganin bugunsa ba. Ga askar a hannuna, yatsana yana cikin gurbin da aka fafe masa.

Na ninke ta.

"Mma, ban iya ba."

"Me ka ce?"

"Ban iya ba. Ban taɓa koya ba. Ko Lahadi ɗaya ban zo ba."

Na sha sa falo ya yi shiru, amma da dariya nake buɗe shi. Wannan shirun ba ni da mabuɗinsa. Wayoyi suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Mma ta janye yaron zuwa ƙirjinta, kuma wannan janyewar har yau ina ganinta.

Baba ne ya taso daga kusurwarsa. Shekara biyar ke nan da ya ajiye aski saboda ido. Ya karɓi askar daga hannuna, ya buɗe, ya bi bakinta da farcen babban yatsa. Farcen ya tsaya sau biyar. Ya kankare danƙon ya shinshina.

"Kwali?"

"Kwali, Baba."

Ya ninke ta a hankali ya mayar mini. Ya ce a miƙo zabirar, a tafasa ruwa. Ya ɗora tabarau na biyu a kan na farko, ya zaro Mai Ƙararrawa, ya goga ta a fata sau da yawa, ya gwada a hannunsa. Ya yi bisimilla. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗan sautin ƙarfe a kan gashi. Hannun yana rawa kafin ya sauka, in ya sauka kuwa sai ya tsaya cak. Yaron bai farka ba. Da aka gama mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda takaba, Mma ta rufe fuska da mayafi. Ni ne na tsince gashin daga tawul na naɗe a takarda, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni.

Ban iya cin abincin suna ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin Barking. Na fita waje na tarar da Baba yana laluben takalminsa a cikin tarin. Na durƙusa na nemo masa, na sa masa a ƙafa. Kuma ko a durƙushen, hali bai bar ni ba.

"Baba, ka koya mini. Wallahi wannan karon da gaske nake. Askar nan za ta gyaru, kai ma ka san hannun yana jinina. Ba ni wata uku kawai, za ka ga abin mamaki. Wace rana zan zo?"

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya cire tabarau ɗaya ya sa a aljihu, ya dube ni da ɗayan.

"Wanda ya fi ni haƙuri ya jira ka har aka binne shi," in ji shi. "Ni ina so in ga azumin bana."